Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tsara kuɗin tallafin kare ƙasar noma

Masu girma ministocin aikin gona da na kuɗi, da 'yan majalisar da kasafin noma ke bi ta hannunsu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto muku ne game da kuɗin nan da gwamnatoci ke ware wa manomi domin ya tare zaizayar ƙasa, ya bar itatuwa su tashi a gonarsa, ya hutar da gangaren da ruwa ke ci, ko ya lulluɓe ƙasa da wata shuka bayan girbi. Tun farko ku sani ina goyon bayan wannan kuɗi, kuma da za a tambaye ni sai in ce a ƙara. Ƙorafina yana kan yadda kuɗin ke fita: yaushe yake isa hannun manomi, wane manomin ke samu, me ake dubawa kafin a biya, da yadda ake datse shi rana tsaka. Kasafinku shekara ɗaya yake yi ya ƙare. Kujerarku shekara huɗu ce ko biyar. Ƙasar da ta gaji kuwa ba ruwanta da wannan lissafi, tana iya cin shekara goma kafin ta dawo hayyacinta, kuma yawancin shirye-shiryen da suka rushe a wannan saɓanin lokaci suka rushe.

Bari in fara da dalilin da ya sa kuɗin ya zama haƙƙi, don a ofisoshi da yawa har yanzu kallon alfarma ake yi masa. Manomin da ya jera duwatsu a gicciye a gonarsa ya ƙarar da raninsa wajen fasa dutse da jigila, ya kuma sallama wani yanki na gonar da ba zai ƙara shukawa ba. Wanda ya bar kara da ganye a gona don su kare ƙasa daga iska da rana ya hana dabbobinsa abincin rani, ya hana gidansa makamashi. Wanda ya daina huɗa ya koma shuka kai tsaye, sau da yawa amfaninsa raguwa yake yi a shekarun farko, ciyawa ta yi masa yawa, kafin ƙasar ta gyaru. Duk wannan asarar a aljihunsa take, kuma a bana. Ribar sai an jira, idan ta zo ma ba shi kaɗai zai ci ba. Ƙasar da ta tsaya a gonarsa ita ce ba ta je ta cike madatsar ruwan gwamnati da laka ba. Ruwan da ya nutse a gonarsa shi ne bai taru ya cinye gada ko ya afka gidajen mutanen birni ba, shi ne kuma ya ɗaga ruwan rijiyar maƙwabta. A Amurka, takin zamanin da ruwa ke kwasa daga gonakin tsakiyar ƙasar yana bin kogin Misisipi zuwa Tekun Meziko, inda duk lokacin zafi yake haifar da makeken yankin da iskar shaƙa ke ƙarewa a ruwa har kifi ya gudu ko ya mutu. Masuntan can ba su taɓa taka gonakin da suka jawo musu wannan ba. To wanda ya tare wannan ɓarna tun daga gonarsa aiki ya yi wa jama'a, abin da ake ba shi kuma lada ne.

Birnin New York ya gane haka tun shekarun 1990. Ruwan shansa daga tsaunukan Catskill yake gangarowa, ta cikin gonakin masu kiwon shanun madara. Da hukumomi suka matsa a tsabtace ruwan, birnin ya duba ya ga gina matatar ruwa zai ci biliyoyin daloli, sai ya zaɓi ya biya manoman can kuɗin gyaran gonakinsu: katange bakin rafi daga shanu, gina wurin adana kashin dabbobi, dasa itatuwa a gaɓa. Manoman ne da kansu suka riƙe majalisar da ke tafiyar da aikin, shiga kuma ganin dama ce, amma mafi yawan manyan gonakin yankin sun shiga. Birnin bai yi haka don tausayi ba, araha ya bi.

Ita kanta Amurka sai da ta sha wuya kafin ta fara biyan irin wannan kuɗi. A shekarun 1930, bayan an kafce ciyayin filayen tsakiyar ƙasar an zuba alkama, fari ya zo, iska ta riƙa ɗaukar ƙasar saman gona tana kai ta har Washington. Ranar 14 ga Afrilun 1935 aka yi guguwar ƙurar da ta mai da rana dare a Oklahoma da Texas, kafin watan ya ƙare kuma an sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare ƙasa a ƙarƙashin Hugh Bennett. A 1985 aka ɓullo da shirin CRP, inda gwamnati ke hayar gonar da ke da saurin zaizaya na shekara 10 zuwa 15, a shuka mata ciyawa ko itace, a riƙa biyan mai ita duk shekara. Dokar ta 1985 dai ta ce duk mai noma irin wannan ƙasa ba tare da tsarin kare ta ba zai rasa sauran tallafin gwamnati. Tsakanin 1982 da 2007, ƙasar da ke zaizayewa daga gonakin Amurka ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wannan nasara ce babba, kuma ina kawo ta ne ga duk wanda zai ce muku kuɗin nan zubar da shi ake yi.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A 2007 gonakin da ke cikin shirin sun haura eka miliyan 36. Sai farashin masara ya tashi, majalisa ta rage yawan filin da za a iya ɗauka, kafin shekara goma sha biyu zuwa sha uku filin ya sauko wajen eka miliyan 22. Ciyawar da aka biya shekara goma ana reno, a rana ɗaya garma ta kife ta. Ba na zargin manomin. Haya ce ta ƙare, kasuwa ta yi tayin da ya fi, yana da bashin banki a wuya. Darasin da ke ciki naku ne: idan abin da kuka saya shi ne manomi ya janye hannu daga gona kawai, to ranar da kuɗin ya tsaya aikin ya tsaya. Abin da ke daɗewa shi ne wanda bayan 'yan shekaru zai fara biyan manomin da kansa, ta ƙarin amfani, ko ragin kuɗin taki, ko abincin dabba. Aikin kuɗinku shi ne ya riƙe manomi a shekarun nan na tsakiya, daga ranar da ya fara asara zuwa ranar da gonar za ta fara rama masa. Ga gangare mai tsananin tsayi ko bakin kogi, inda gonar ba za ta taɓa rama masa ba, sai ku yarda cewa biya ne na dindindin ku rubuta shi haka, kada ku yaudari kanku da kwangilar shekara uku.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato tsarin "yi da kuɗinka, ka kawo rasit mu biya ka". Kusan ko'ina haka ake yi, kuma na san dalili: mai binciken kuɗi yana son ya ga aiki kafin a fitar da ko sisi. Sai dai ku tambayi kanku wane ne ke da kuɗin da zai fara yi da su. Mai babbar gona yana da asusu, yana da wanda zai cike masa takardu, yana iya jiran wata shida ko shekara. Ƙaramin manomi, wanda gonarsa ce ma ta fi lalacewa don talauci ne ya tura shi kan gangare da ƙasar da kowa ya ƙi, ba shi da abin da zai ɗauko motar dutse da shi. Idan ya ci bashi ya yi, kuɗinku ya makara, ruwan bashin ya cinye tallafin. Haka tsarin ke tace mutane tun daga ƙofa, ya bar waɗanda dama za su iya yi ko babu ku. A Tarayyar Turai an daɗe ana nanata cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ake ba manoma kai tsaye yana tafiya ga kashi 20 cikin ɗari nasu, saboda da faɗin gona ake aunawa. A Amurka, shirin EQIP na tallafa wa ayyukan kare ƙasa da ruwa a gona, da aka kafa a 1996, yana biyan har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aiki, ya kai 90 ga sababbin manoma da marasa ƙarfi, kuma an ba waɗannan damar karɓar rabin kuɗin tun kafin su fara. Wannan gyara ne mai kyau, ku kwaikwaya. Duk da haka, shekara da shekaru ƙasa da rabin masu neman shiga shirin ne ke samu. Ku lura da wannan: a ƙasar da ake cewa manomi ba ya son gwamnati ta shiga gonarsa, manoma ne ke layi ana mai da su gida. Ashe ba wayar da kai suka rasa ba.

Kuma lokacin fitar kuɗin ma magana ce. Jera dutse, haƙa rami, gyaran kwazazzabo, duk aikin rani ne, lokacin da hannu ya huta kuma gona ba shuka. Kuɗin da ya iso bayan ruwa ya sauka ya rasa shekara guda cur, ko da a takardar ma'aikata an rubuta cewa an fitar da shi cikin shekarar kasafi.

Sai batun wanda ke noma gonar da ba tasa ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar noma a Amurka haya ce. A wasu ƙasashen kuma aro ne, ko jingina, ko gonar gado da ba a raba ba, ko gonar da mace ke nomawa amma sunan miji ko ɗan'uwa ke kanta. Takardunku kuwa shaidar mallaka suke fara tambaya. Ɗan haya na shekara ɗaya me zai sa ya dasa itacen da sai shekara bakwai zai yi inuwa? Idan ma ya gyara ƙasar, baɗi mai gona ya ga ta yi kyau ya ƙara kuɗin haya ko ya karɓe abinsa. Akwai wanda ya fi wannan muni. A 1933, da gwamnatin Amurka ta fara biyan masu gonakin auduga don su rage shuka, kuɗin ta hannun masu ƙasa ya bi, da yawansu kuma suka kori 'yan ƙodagon da ke noma musu a raba amfani, suka riƙe kuɗin. A Ingila ma, cikin 'yan shekarun nan, manoma 'yan haya sun koka cewa masu ƙasa na karɓe filaye don su sa su cikin shirye-shiryen kare muhalli. Duk lokacin da kuka sa kuɗi a kan gona ba tare da kun rubuta rabon mai noma ta ba, kun ba mai ƙarfi dalilin korar marar ƙarfi. Ku karɓi shaidar noma daga shugabannin al'umma ko ƙungiyar manoma inda babu takarda, ku sa hannun ɗan haya da na mai gona a kwangila ɗaya, ku kuma tanadi diyya ga ɗan hayar da aka tasa kafin ya ci moriyar gyaran da ya yi.

Abin da ake aunawa shi ake samu, kuma a nan na fi so mu daɗe. Rahoton ma'aikata yana son lamba mai saurin ƙirguwa: dashe miliyan kaza aka raba, kilomita kaza na jinga aka ja. Ranar dasawa akwai kyamara, akwai jawabi. Shekara uku bayan nan babu mai komawa ya ƙirga wanda ya rayu. Wannan ba sabon ciwo ba ne. A farkon shekarun 1960, a yankin Yatenga na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, an kawo manyan injuna aka ja jingar ƙasa a dubban hektoci ba tare da an shawarci masu gonakin ba. Ba su kula da ita ba, ruwa ya fasa ta, wani wurin ma ta ƙara zaizayar. A Habasha, a shekarun 1970 da 1980, an yi gagarumin aikin jinga da matakalar gangare ana biyan mutane da hatsi, da mulkin soja na Derg ya faɗi a 1991 kuma manoma suka rushe da yawa daga ciki, don sun ci musu fili kuma ba su ne suka zaɓa ba. A tsaunukan Uluguru na Tanganyika, cikin Tanzaniya ta yau, tilasta wa mutane yin matakalar gangare a zamanin Turawa sai da ya kai ga tarzoma a 1955, aka watsar da shirin.

A Yatengan nan dai, bayan shekara ashirin, abin da injuna suka kasa mutane suka yi da hannu. Wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya farfaɗo da haƙa zai, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, ya faɗaɗa su, ya riƙa zuba musu taki tun rani, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar nutsewa, har feƙon da aka fid da rai da shi ya koma gona da daji. Manoma suka koyi gane daidaiton gangare da tiyo mai ruwa a ciki, suka jera duwatsu a kan layin. Taimakon da ya yi musu amfani a lokacin bai wuce horo da motar ɗauko dutse ba, wato daidai abin da ya fi ƙarfinsu. Sauran sun yi da kansu don a daminar farko suka ga bambanci.

Labarin Maraɗi a Nijar ya fi wannan koyarwa, har ga masu tunanin kuɗi ne komai. Shekaru ana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manomi ke sarewa duk shekara wajen sharar gona suna da saiwa mai rai a ƙasa, idan aka zaɓi tsiro ɗaya ko biyu aka sassabe sauran, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Shi ne sassaben zamani. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa don su samu hatsi, da rabon ya ƙare kuma da yawa suka sare. Amma waɗanda suka bari sun ga shukarsu ta tsira daga iska, sun samu itacen girki da ganyen dabba, maƙwabta suka gani suka bi. Abin da ya saki hannun mutane sosai shi ne da aka daina kallon itacen gona a matsayin na gwamnati, manomi ya daina tsoron tarar ma'aikacin gandun daji idan ya datse reshen itacen da shi ya rene. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, gawo na kan gaba, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana ya kuma ba ta taki. Tallafin abincin ya yi aikinsa, don shi ya sa mutane suka gwada. Mallakar itacen ce ta sa suka ɗore. Kafin ku ware biliyoyi, ranku ya daɗe, ku duba ko akwai wata doka a littafinku da ke hukunta manomin da ya yi abin da kuke son biyansa ya yi. Soke ta ba ya cin kasafi.

Akwai wuraren da suka juya ma'aunin gaba ɗaya, suka koma biyan sakamako. A yankin Burren na ƙasar Ailan, a shirin da ya gudana har zuwa 2022, duk shekara akan zo a duba makiyayar manomi a ba ta maki har zuwa 10 gwargwadon lafiyar ciyayi da ruwa da ƙasa, kuɗinsa kuma ya hau da hawan makin. Yadda zai kai ga makin nasa ne, shi ya san filinsa. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus, tun shekarar 2000 ana biyan manomin da aka samu aƙalla nau'i 4 na wasu zaɓaɓɓun furanni a filin ciyawarsa. Ina son wannan tsari don yana girmama ilimin mai gona, amma ba zan ɓoye muku haɗarinsa ba: fari na iya kashe aikin mutumin da ya yi komai daidai, kuma bai kamata talaka ya ɗauki wannan kasada shi kaɗai ba. Abin da ya fi shi ne a raba kuɗin: wani kaso kafin a fara, wani idan an gama, mafi tsoka kuma a shekara ta uku da ta biyar idan itacen na raye, jingar na tsaye. Da hoton tauraron ɗan'adam da wayar hannu, komawa a duba ya yi sauƙin da bai taɓa yi ba.

Wannan tsari zai magance wani rashin adalci da ba a cika magana a kansa ba. Shirye-shirye da yawa sabon aiki kawai suke biya. Manomin da ya shekara ashirin yana kula da ƙasarsa da kuɗinsa ya zo, a ce masa ba shi da matsalar da za a gyara. Maƙwabcinsa da ya sare komai ya bar ruwa ya yi kwari a gona, shi ne ya cancanta. Mutane ba wawaye ba ne, suna kallo, kuma abin da suke koya shi ne a ɓata tukuna sannan a nemi tallafi.

Ƙasar Sin ta nuna girman abin da gwamnati za ta iya idan ta ƙudura. Bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998, a 1999 ta fara biyan manoma da hatsi da kuɗi don su daina noma gangaren da ya wuce digiri 25 su mai da shi daji ko ciyawa, aka fara da lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu, daga baya ya shafi miliyoyin gidaje. An tsara biyan shekara 8 ga dajin kariya, 5 ga itatuwan 'ya'ya, 2 ga ciyawa. Da wa'adin farko ya zo ƙarewa a 2007, gwamnati ta ga idan ta janye mutane za su koma gangaren, sai ta tsawaita. An soki shirin kan cika wurare da itace iri ɗaya, sukar kuma tana da tushe, amma wannan tsawaitawa ita ce abin lura a wurina.

Don kuwa kishiyarta mun gan ta kwanan nan. Ranar 11 ga Maris ɗin 2025, gwamnatin Birtaniya ta rufe karɓar sababbin masu neman shiga shirin SFI na Ingila, mai biyan manoma ladan kula da ƙasa da muhalli, ba tare da sanarwa ba, ta ce kuɗin sun ƙare, alhali an riga an zabtare tsohon tallafin da wannan ya zo ya maye gurbinsa, kuma mutane sun tsara shukarsu a kansa. A farkon shekarar dai, manoman Amurka da suka riga suka kashe kuɗinsu bisa kwangilar da gwamnati ta sa wa hannu suka wayi gari an dakatar da biyan wani sashe na dala biliyan 19.5 da dokar 2022 ta ware wa kare ƙasa. Ko an biya daga baya, an riga an yi ɓarnar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Manomin da gwamnati ta saɓa wa alkawari sau ɗaya zai gaya wa ɗansa, kuma malamin gonar da zai zo da sabon shiri bayan shekara goma shi zai sha kunyar da ba shi ya jawo ba. Don haka kuɗin kwangilar da aka riga aka sa wa hannu a killace shi daga canjin gwamnati. Kosta Rika ta yi haka tun 1997, inda ta ɗaure biyan masu kula da daji a kan wani kaso na harajin man fetur, ba sai an yi roƙo duk shekara a majalisa ba.

Na san za ku ce kuɗi ba su isa ba. A 2021 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya uku, ciki har da ta abinci da aikin gona, sun ƙiyasta cewa gwamnatocin duniya na tallafa wa manoma da kimanin dala biliyan 540 a shekara, kuma kashi 87 cikin ɗari na wannan yana gurɓata farashi ko yana cutar da muhalli da lafiya. A shekarar dai kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta ce sama da yuro biliyan 100 da aka lissafa a matsayin kuɗin kare yanayi a tsarin noma tsakanin 2014 da 2020 bai rage hayaƙin da noma ke fitarwa ba yadda za a gani. Kuɗin suna nan, hanyar da suke bi ce matsalar. Ba ina cewa a janye rangwamen takin zamani ba, don akwai ƙasashen da ƙarancin taki ne ciwonsu. Amma taki a ƙasar da ba ta riƙe ruwa, ba ta da sauran ruɓaɓɓen ganye a jikinta, ruwan farko ne ke tafiya da shi. Ko kashi 10 cikin ɗari na kuɗin takin aka karkatar wajen gyara ƙasar da za a zuba shi, sauran kashi 90 ɗin za su fi yin amfani.

Kada kuma ku manta da malaman gona. Jingar da aka ja ba bisa daidaiton gangare ba tara ruwa take yi wuri ɗaya ta ɓalle, ta bar kwarin da babu shi a da. Dole a samu wanda zai taka gonar ya auna, ya kuma zauna da makiyaya da manoma a shirya inda dabbobi za su bi, in ba haka ba shukar lulluɓen da kuka biya abincin garken farko ce, kuma rigima ce kuka saya. Albashi da abin hawan wannan ma'aikaci su ake fara yankewa idan kasafi ya matse, alhali ba tare da shi ba sauran kuɗin ba su da ido.

Roƙona na ƙarshe ba ya buƙatar sabuwar doka. A rahotonku na kowace shekara, kusa da layin da ke faɗin hektocin da aka biya a bana, ku ƙara layi biyu: daga cikin hektocin da aka biya shekara biyar da suka wuce nawa ne aikin ke nan har yanzu, kuma daga cikin waɗanda suka karɓi kuɗin nawa ne 'yan haya, mata, da masu gonar da ba ta kai hekta biyu ba. Ku buga lambobin kowa ya gani, gunduma bayan gunduma, kafin a zauna kasafin baɗi.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
wani mai bibiyar harkar noma da lafiyar ƙasa